Harshen Dillali da Haƙƙin Mai Saye: Misali Daga Ƙasar Yawuri



Bahaushe bai taɓa ɗaukar zaƙin bakin dillali a matsayin laifi ba, domin kuwa yabon haja shi ne jarinsa. Abin tambaya shi ne, a ina yabo ya tsaya, yaudara ta soma?

Ƙasar Yawuri ta isa misali. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsibirai da gonaki, aka tayar da mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa. Tun daga nan bakin ruwa bai zauna wuri guda ba: yakan ja da baya ƙwarai da bazara, ya komo bayan damina. To, a ƙaddara wani baƙon ma'aikaci ya zo Yelwa da bazara, dillali ya kai shi wani fili busasshe wajen Ngaski, ya rantse masa ruwa bai taɓa hawa nan ba. Ya biya da kuɗin sallamarsa. Kaka na yi, sai ga masunta suna jefa birgi a kan filin.

Mai filin dai hukuncinsa a bayyane yake: ɓoye aibi tadlisi ne, mai saye na da ikon mayar da ciniki. Shi dillali fa? Malaman Malikiyya sun bambanta ruɗi na aiki da ruɗi na baki. A magana mafi shahara, ruɗin baki tsurarsa ba ya jawo ramuwa, sai in an haɗa shi da ijara, kamar mai canji da aka biya ya duba kuɗi, ya ce nagari ne alhali ya san jabu ne. Watau la'adar nan da dillali ke ɗoki, ita ce igiyar da ke ɗaure harshensa, musamman in daga hannun mai saye ya karɓa.

Dokar Ingila ta biyo wata hanya. A shari'ar Derry da Peek ta 1889, sai an tabbatar mutum ya san ƙarya yake yi, ko bai damu da gaskiyar zancen ba. A 1963, shari'ar Hedley Byrne ta ƙara da cewa sakaci ma ya isa, muddin an dogara ga gwanintar mai maganar. Dillalin da ya tashi a bakin tafkin nan kuwa, da wuya alƙali ya yarda bai san inda ruwa ke kaiwa ba.