Usur a Baki, Gaba na Faɗuwa: Ina Sabon Malamin Wasanni Yake Samo Ƙarfin Gwiwa?

Yau maganarmu a kan wani malami ce da ba kasafai ake tunawa da shi ba, wato ɗalibin da ke koyon zama malamin wasanni da motsa jiki, darasin da muka sani da PHE a ƙaramar sakandare.

Me ya sa shi? Ku tuna, ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, aka sako su ranar 2 ga Maris. A farkon Satumban shekarar aka sake ɗibar wasu a Kaya, ƙaramar hukumar Maradun, har gwamnati ta rufe makarantun jihar. Tun daga lokacin yaro na zuwa makaranta ne kunnensa na waje. To malamin lissafi aƙalla bango huɗu ya tare masa yara. Shi kuwa malamin wasanni fili zai fitar da su, ya sa su gudu, su yi dariya. Idan shi kansa jikinsa na rawa, wa zai saki jiki a gabansa?

Ɗalibin NCE, ko a Kwalejin Ilimi ta Maru ko a wata, shekara uku yake yi. Zai haddace sunayen ƙasusuwa da dokokin ƙwallo, ya ci jarrabawa. Amma ranar da aka tura shi TP, aka tsayar da shi gaban aji cike da yara, ƙwallo ɗaya ita ma ta sace, a ranar zai gane karatu daban, koyarwa daban.

An yi wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, Albert Bandura. A 1977 ya yi bayanin cewa yardar mutum cewa zai iya wani aiki tana fitowa ne daga wurare huɗu. Bari mu kawo su gida.

Na farko, kuma mafi ƙarfi: ka yi da hannunka, ka ga ya yiwu. Kada ka fara da gasar makaranta. Fara da jera yara layi huɗu ba tare da ka ɗaga bulala ba. Gobe ka ƙara ɗumama jiki na minti biyar. Babu kaya? Langa ba ta buƙatar ko sisi, haka tsere, haka 'yar igiya. Kowace ƙaramar nasara tubali ce.

Na biyu: ka ga wani irinka ya yi. Bidiyon kocin Turai a YouTube, mai ciyawa kore shar da ƙwallo talatin, ba abin da zai ƙara maka sai jin ka gaza. Je ka tsaya bayan tsohon malamin da ya shekara yana koyarwa a kan turɓaya irin taka. Dubi inda yake tsayawa don rana kada ta doki idon yara, dubi yadda busa ɗaya ke tsayar da su.

Na uku: maganar da ake faɗa maka. "Ka yi ƙoƙari" ba ta gyara kowa. Amma a ce maka, "bayaninka ya yi tsawo, yara sun gaji da tsayuwa, gobe ka nuna da jiki kafin ka yi magana", wannan ita ce gudummawa. Malamanmu masu zuwa duba 'yan TP, don Allah a kalli darasin har ƙarshe kafin a sa hannu a takarda.

Na huɗu: yadda kake fassara faɗuwar gabanka. Gumi da bushewar maƙogwaro a ranar farko ba alamar ba ka iya ba ce. Ko ɗan damben da ya daɗe a fage gabansa na bugawa in an kaɗa kalangu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A makarantu da yawa, da an ga ɗan TP na PHE sai a ce, "yauwa, ga mai sa yara shara", ko a ba wani darasin lokacinsa. Haka zai gama TP bai koyar a fili sau biyar ba, ya karɓi takarda babu ƙarfin gwiwa. Abin ya fi shafar 'yan'uwanmu mata masu wannan karatu, alhali su ne iyaye za su fi yarda su fitar da 'ya'yansu mata fili.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaban makaranta, a bar masa lokacinsa. Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, ku nemi filin da bakinku, cikin ladabi. Ba a koyon iyo a tudu.

Wanda ya taɓa yin TP a Mafara, Bakura ko Maradun, ya faɗa mana yadda ranarsa ta farko ta kasance. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu zaman lafiya.