SAT ko ACT: Wacce Ƙannenmu Za Su Rubuta?



An nemi in yi magana a kan tambayar da ta fi yawan zuwa mana daga ƙannenmu, na gida da waɗanda ke makarantun sakandare a nan Amurka: idan mutum yana hangen manyan jami'o'i masu tsananin tankaɗe da rairaya, SAT zai rubuta ko ACT? Na taɓa zama a wannan matsayi, bara kuma na sake zama a cikinsa tare da ƙanwata.

Bari in fara kawar da wata jita-jita. Ana cewa jami'o'i irin su Harvard da MIT sun fi daraja SAT, ita kuwa ACT ta 'yan tsakiyar ƙasar ce. Maganar tana da asali a tarihi, domin SAT ta girme ta: an fara ta a 1926, ACT kuwa a 1959 aka ƙirƙiro ta a jihar Iowa, a can ta fara yin kasuwa. Amma yau jami'ar da ke neman ɗaya tana karɓar ɗayar, kuma hukumomin biyu sun fitar da jadawalin daidaita maki a 2018. Wanda ya ci 34 cikin 36 a ACT tamkar ya ci kimanin 1500 cikin 1600 ne a SAT. Wanda ya ci 30, yana wajen 1370. Saboda haka ɗalibi ya daina tambayar wacce jami'a ta fi so, ya tambayi wacce ta fi dacewa da ƙwaƙwalwarsa.

A nan ne bambancin yake. SAT ta koma kan kwamfuta, a ƙasashen waje tun 2023, a Amurka tun 2024. Tambayoyi 98 ne cikin awa biyu da minti 14: guda 54 na karatu da rubutu cikin minti 64, sai 44 na lissafi cikin minti 70. Kowane fanni kashi biyu ne, kuma yadda ka amsa kashin farko shi ke yanke ko na biyu zai yi wuya ko sauƙi. Wanda aka tura zuwa mai sauƙin ba zai iya kaiwa ƙololuwar maki ba, don haka sakaci a rabin awan farko yana da tsada. ACT ma an yi mata kwaskwarima a 2025: an rage tambayoyi, an mai da fannin kimiyya na ganin dama, an bar Ingilishi da lissafi da karatu a matsayin ginshiƙai. Duk da haka har yanzu jarrabawar sauri ce. A lissafinta ɗalibi yana da minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ga kowace tambaya, alhali SAT tana ba shi fiye da minti ɗaya da rabi.

Abu biyu nake so ku riƙe. Na farko, lissafi rabin makin SAT ne cif, 800 cikin 1600, amma a ACT kashi ɗaya ne cikin uku, sauran biyun duk harshe ne. Na biyu, SAT tana ba da gajeren sakin layi da tambaya guda a ƙarƙashinsa, ACT kuwa doguwar maƙala take shimfiɗawa sannan ta jero tambayoyi. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, ya yi Larabci a Islamiyya, Ingilishi ya zo masa na uku ko ma bayan Faransanci, sau da yawa yana fahimtar abin da ya karanta sarai, sai dai a hankali yake tafiya. Irin wannan, musamman idan hannunsa ya faɗa a lissafi, a ganina SAT ce tasa. Ƙanwata haka ta kasance: da ta gwada ACT, lokaci ya ƙare tana tsakiyar maƙala ta ƙarshe, alhali kusan duk abin da ta amsa daidai ne. Amma na san wasu cikinmu da suka taso a nan, suna cinye littafi a kwana biyu, lissafi ne ke ba su tsoro. Su ACT ta fi yi musu adalci.

Kada ku ɗauki maganata fatawa. Gani ya kori ji. Ɗalibi ya ware Asabar biyu, ya rubuta cikakkiyar jarrabawar gwaji ta kowacce da agogo a gabansa, ba tashi, ba waya. Ta SAT tana cikin manhajar Bluebook kyauta, ACT ma tana da tata. Ya auna makin biyu da jadawalin nan, ya ɗauki wadda ya fi, ya manta da ɗayar. Shirya wa duka biyun raba ƙarfi ne. Wanda ke gida kuma ya duba wace ce ke da cibiya kusa da shi da ranakun da suka dace, domin da dala ake biyan rajista, kuma na wajen Amurka ya fi tsada.

Akwai zaɓi na uku da ya fi damuna, wato ƙin rubutawa gaba ɗaya. A 2020, lokacin korona, jami'o'i da yawa sun ce miƙa maki ba dole ba ne, labarin ya bazu cikinmu ya zauna. To, al'amarin ya juya. MIT ta dawo da sharaɗin a 2022. A 2024 Dartmouth da Brown da Harvard da Caltech suka bi sahu. Jami'ar California ce dai ba ta duba makin ko an aika mata. Dalilin da Dartmouth ta bayar ya shafe mu kai tsaye: ta gano cewa ɗalibai daga gidaje marasa ƙarfi suna ɓoye maki kamar 1400 don suna ganin bai kai ba, alhali da sun nuna shi da ya taimake su, saboda ana auna maki ne da irin makarantar da mutum ya fito.

Mu da muka taso da JAMB mun saba da layin da aka ja: ka haura ka shiga, ka gaza ka jira baɗi. Wannan tunani yana cutar da mu a nan. Babu irin wannan layi a waɗannan jami'o'i. Jami'in da ke karanta takardar yarinya daga Zariya ko Maraɗi ko zangon Kumasi mai yiwuwa bai taɓa jin sunan makarantarta ba, bai san nauyin sakamakonta ba. Makin SAT ko ACT shi ne abin da zai iya kwatanta ta da ɗan Boston da shi, kuma ga mai neman tallafin karatu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a tuna, ba su maye gurbin TOEFL ko IELTS a ko'ina ba, kowa ya duba sharaɗin jami'ar da yake nema.

Ina roƙon shugabanni su ba mu ɗaki Asabar biyu a wata mai zuwa domin gwajin da na ambata. Ni zan riƙe agogo, kuma wanda ƙanensa ke gida ya ba ni sunansa bayan taro, mu haɗa shi ta intanet.