DOKAR FARAUTA A GANDUN DAJI: INA BAKIN MAFARAUCI?

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ma'aikacin gandun daji mai ritaya, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi jawabi bana, sai da na tambaye shi ko bai yi ɓatan kai ba, domin waɗanda muka zauna aji ɗaya da su sun san ba a san ni da magana ba, sai dai gudu daga makaranta ranar Asabar a tafi kamun gafiya. To, ga shi gafiyar ce ta zame mini hanyar abinci, har na yi shekara talatin da biyar ina aikin daji. Saboda haka a kan abin da na sani zan yi magana, wato dokokin farauta da ɗana tarko a gandun daji, da kuma wanda ya kamata a ji ta bakinsa kafin a kafa su.

Ni ɗan maharbi ne, a ƙasar Kurmin Kogi aka haife ni. Sunan garin kansa shaida ne, domin ba a kiran wuri kurmi sai da itatuwa da duhuwa. Muna yara, idan kaka ta yi aka kawar da amfanin gona, sai a buga gangar farauta, mutanen ƙauyuka su haɗu da karnuka da gora, Sarkin Baka yana gaba. Akan dawo da zomo da gada da fakara da zabin daji, wata rana har da mazo. Yau duk wanda ya bi hanya daga Ikara zuwa Maƙarfi, ya zarce Kudan da Hunƙuyi, abin da zai gani shi ne rake da masara da tumatir da barkono. Alhamdu lillahi, arziki ne. Amma ɗan abin da ya rage na namun daji ya koma cikin gandayen da gwamnati ta keɓe, kuma a kansu ne rigimar take.

Bari in ɗan koma baya. Turawa sun kafa dokar kare namun daji tun 1916. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1963, wadda ta kasa dabbobi gida-gida: akwai waɗanda ba a taɓa su sam, akwai waɗanda sai da lasin. A 1985 gwamnatin soja ta fito da doka mai lamba 11 don kare dabbobin da ke gab da ƙarewa, aka kuma yi mata gyara a 2016. Ta fuskar filaye kuwa, dajin Kamuku da ke Birnin Gwari ya zama gandun En'e a 1936, daga baya ya zama wurin kare namun daji na jiha, sa'an nan gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1999. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120. Nan kusa da mu kuma, da an tsallaka iyaka zuwa Tudun Wada ta Jihar Kano, ga Falgore, wanda aka keɓe tun shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, kuma ta cikinsa ruwan da ke cika madatsar Tiga yake bi. Kun ga ke nan ba dokoki muka rasa ba, ba kuma filaye muka rasa ba.

Akwai wani abu a tsohuwar dokar gandun daji da mutane da yawa ba su sani ba. Kafin a yanke wani daji a ce ya zama gandu, sai an yi sanarwa, an naɗa jami'in da zai zauna ya saurari duk mai da'awar yana da hakki a wurin: mai farauta, mai su, mai cin zuma, mai tsintar kaɗanya da ɗorawa, mai bin hanya zuwa rafi. Abin da aka yarda da shi sai a rubuta a takardar kafa gandun, ya zama hakki har abada. Abin da ba a zo an faɗa ba kuwa, shi ke nan ya faɗi. To, kakanninmu nawa ne suka san ranar zaman? Nawa ne suka fahimci cewa yin shiru a ranar nan daidai yake da sa hannu? Da yawa sun ga Bature da tafinta sun ɗauka maganar haraji ce, suka yi ta kansu. Daga baya 'ya'yansu suka wayi gari malamin daji yana kama su a inda iyayensu suka yi farauta shekara da shekaru.

Mahaifina yana cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Ina aji biyu a wannan makaranta aka kama shi da gada ɗaya, aka ƙwace bindigarsa ta toka, aka ci shi tara. Sai da aka sayar da akuya biyu, kuma a wannan zango da ƙyar aka biya mini kuɗin makaranta. Wani malaminmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya cika ragowar daga aljihunsa. Har mahaifina ya rasu bai daina cewa ba a taɓa gaya masa inda iyakar take ba.

Za ku ce wanda ya ga haka ba zai maimaita ba. To, na maimaita. Da na gama karatu aka tura ni wani gandu, na isa da kakina da littafin doka, na sa aka kafa alluna da Turanci a ƙauyukan da ba mai karanta ko Hausar boko. A wata uku na tara tarkuna sun fi buhu. Ina ganin aiki nake yi. Ran nan sai wani dattijo, Sarkin Bakan yankin, ya zo ofis ya zauna a ƙasa, ya ce, "Yaro, ka kama masu gora, ina masu mota?" Ya ɗauke ni da dare muka laɓe a bakin wani rafi. Can wajen ƙarfe biyu sai ga mota da fitila mai kashe ido, mutanen birni ne da bindigogin zamani. Abin da suka kashe a daren nan ya fi abin da ƙauyen ke kashewa a wata guda. Dattijon nan ya san watan da kowace dabba ke ɗaukar ciki, ya san mashayarsu, ya san wanda ke sayen fata da wanda ke sayen kan ungulu. Duk wannan ilmi yana zaune mil biyu daga ofishina, ban taɓa tambayarsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ƙin tambaya ya fi su duka.

Kada a ɗauka ina cewa mafarauta ba su da laifi. Suna da shi, kuma a gabansu nake faɗa. Tarkon waya, wanda ake yi da wayar birkin babur ko ta keke, ba ya zaɓe. Yana kama mai ciki, yana kama ɗan da bai isa ci ba, yana kama akuyar Bafulatani, kuma sau da yawa dabbar takan ruɓe a ciki kafin mai shi ya zagayo. Cinna wa daji wuta don a kama gafiya biyu yana ƙone ƙwan zabi da ƙananan itatuwa da ciyawar shanu, wani lokaci har da amfanin gonar da ba a kwashe ba. Zuba guba a mashaya kuwa ba farauta ba ce, ta'asa ce. Maharban da muka gada ba su yin waɗannan. Suna da nasu ƙa'idoji: ba a farautar gayya da damina, ba a harbin mai shayarwa, akwai kurmin da ba a shiga. Dokar gwamnati ta zo ba ta ɗora a kan waɗannan ba, ta ture su gefe, ita kuma ba ta da isassun ma'aikatan da za su tsare dajin. Sai aka yi biyu babu.

Sakamakon yana gabanmu. Dajin da aka kori masu shi, ba a kuma tsare shi ba, ba ya zama babu kowa, wani ne zai shiga. Kowa a nan ya san abin da 'yan bindiga suka mai da dajin Kamuku da kewayensa. Falgore ma ya yi fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, har a 2017 sojoji suka mai da wani sashensa wurin horo. Abin mamaki, da wuta ta yi wuta, su waye aka nema su nuna hanya? Mafarautan nan dai. Haka kuma, da nama ya yi ƙaranci a nan, mafarautanmu suka shiga tafiya mai nisa. Ba mu manta da mutum 16 'yan Jihar Kano da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna hanyar dawowa gida yin Sallah. Allah Ya jiƙansu. Wanda ya yi wannan kisa shi ke da alhakinsa, amma mu ma ya kamata mu tambayi kanmu abin da ke raba maharbi da dajin garinsu.

Shin akwai inda aka ji ta bakin jama'a aka ga amfani? Akwai, kuma ba nesa ba. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har sun koma kimanin 50 a 1996, su ne kaɗai suka rage a duk Afirka ta Yamma. Ba shinge aka yi musu ba, a cikin gonakin mutane suke yawo. Aka zauna da manoma, aka ɗauki 'ya'yansu aikin yi wa baƙi jagora, aka taimaka wa ƙauyuka da rijiyoyi da rance. Kafin 2020 sun haura 600. A Ghana kuwa, kowace shekara ana rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba don dabbobi su hayayyafa, amma an bar kamun gyazbi da lasin, saboda an san ɓarnar da yake yi wa manomi. Duk mai gonar rake a Maƙarfi ko Kudan zai gane hikimar wannan. A Zimbabuwe tun 1989, da Namibiya tun 1996, an ba ƙauyuka rabo daga kuɗin da namun dajinsu ke kawowa. Ba a ce ba su da matsaloli ba, amma mutum ba ya ƙone rumbun da yake ci daga ciki.

Mu ma ƙofar a buɗe take, shiga ne ba mu yi. Dokar gandayen tarayya mai lamba 46 ta 1999 ta ce a riƙa tuntuɓar mutanen da ke kewaye da gandu, har ta ba da damar kafa kwamitin shawara daga cikinsu. Majalisun dokoki, na jiha da na tarayya, sukan kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin su zartar da doka. A 2024 Majalisar Wakilai ta yi irin wannan zama a Abuja kan sabon ƙudurin kare namun daji. To, amma sanarwar a jaridar Turanci take fitowa, zaman a birni ake yi, kuma da takarda ake zuwa. Maharbin Kurmin Kogi ba ya karanta jarida, ba shi da kuɗin mota, ba ya rubuta takarda. Ashe abin da ya sami kakanninmu a gaban Bature da tafinta yana nan yana maimaita kansa.

A nan ne aikinmu yake, mu da aka kashe wa kuɗi aka ilmantar. A cikin ɗakin nan akwai lauyoyi, akwai malamai, akwai ma'aikatan ƙananan hukumomi, akwai masu riƙe da sarauta. Ina roƙon ƙungiya ta ɗauki abubuwa huɗu.

Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti da zai nemo takardun kafa gandayen da ke ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan, a fassara su da Hausa, a karanta wa mutane iyakokinsu da hakkokin da aka rubuta musu.

Na biyu, a kira zama a ƙofar hakimi, da izinin iyayen ƙasa, bayan an kawar da amfanin gona. A gayyato sarakunan baka da ardo-ardo da manoma da masu zuma da malaman daji. Kada a manta da mata, domin su ne masu itace da kaɗanya, kuma su ne aka fi kora ba a tambaye su ba.

Na uku, a wurin zaman a nemi mafarauta su faɗi da bakinsu watannin da za a rufe farauta, su yarda a bar tarkon waya da wuta da guba, a kuma yi rajistar kowane maharbi ta hannun Sarkin Baka, ya sami shaidar da zai nuna duk inda ya shiga. Sharaɗin da mutum ya sa wa kansa ya fi wanda aka sa masa ƙarko.

Na huɗu, a rubuta abin da aka cim ma, ƙungiya ta kai shi ma'aikatar muhalli da Majalisar Dokokin Jiha a Kaduna. Duk ranar da aka kira jin ra'ayin jama'a, mu yi hayar mota mu kai masu abin su yi magana da kansu, mu kuwa mu zama tafintoci na gaskiya.

Ni na yi alkawarin ba da lokacina da ɗan abin da na sani kyauta. Bashi ne nake biya, na mahaifina da na dattijon nan da ya kira ni yaro ya buɗe mini ido. Jikokina sun san zaki da giwa a talabijin, amma ba su taɓa ganin gada ba. Ina fata kafin ƙasa ta rufe mini ido in kai su bakin kurmi da sassafe in nuna musu ko da sawunta ne.