Abin Da Ya Sa Wasu Ke Gaskata Batun Canjin Yanayi, Wasu Kuma Ke Ƙaryatawa

Wannan shi ne jawabin da aka karanta a gaban wani taron manoma da 'yan kasuwa a unguwar Tunga, cikin garin Minna. An buga shi domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun, Fatakwal da sauran biranen Kudu, waɗanda gonakinsu da iyalansu ke gida.

Batun da za a tattauna a kansa shi ne maganar da masana ke yi cewa hannun ɗan Adam ne ke canza yanayin duniya. Bayaninsu shi ne, hayaƙin man fetur da kwal da gas, tare da saran dazuzzuka, yana tara iskar kabon a sararin sama, ita kuwa tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu yawan wannan iska bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba, amma yanzu ya haura 420. Kowane ƙarin zafi na digiri ɗaya kuwa yana sa iska ta ɗauki ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin ɗari, watau idan hadari ya tashi zubarwa sai ya zubar da yawa a lokaci guda.

To, me ya sa mutane da dama masu hankali ba su yarda ba?

Dalili na farko shi ne imani. Mutum yakan ce ruwa da rana na Allah ne, don haka danganta canjinsu ga ɗan Adam shisshigi ne. Gaskiya ne kome na Allah ne, amma Shi ne kuma ya sanya sababi. Manomin da ya ce rashin taki ya kashe gonarsa bai musa ƙaddara ba, haka nan wanda ya ce hayaƙi na ƙara zafi.

Na biyu shi ne tarihi. Dattawa sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, lokacin da mota ba ta cika ƙasa ba, sun kuma ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Sai su ce wannan abu ai ba sabo ba ne. Amsa ita ce, masana ba su ce fari da ambaliya jiya suka fara ba. Abin da suka ce shi ne zafin da ya ƙaru yana ƙara musu ƙarfi da yawan aukuwa. Alal misali, bayan ambaliyar 2022 wadda ta halaka fiye da mutum 600 a Nijeriya, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta auna ta ce canjin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi har sau 80.

Na uku shi ne zargi. Nahiyar Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi, alhali kuwa Turai da Amurka da shi suka yi arziki. Saboda haka idan aka ce wa mai sayar da gawayi a kasuwar Tunga ya bar sana'arsa, ba a nuna masa wata ba, sai ya ga kura ce ke ce wa kare maye. Zarginsa yana da tushe, amma rashin adalcin mai magana ba ya mai da ma'aunin zafi maƙaryaci. Hasali ma wannan hujja ce ta neman diyya, wanda ya musa ɓarna kuwa ba shi da bakin neman diyyarta.

Na huɗu shi ne, akwai dalilan da suka fi kusa da ido. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji na 1968, da Shiroro na 1990, ga kuma na Jebba a kan iyakarta. Mutanen ƙasar Nufe da gonakinsu ke nutsewa idan an saki ruwa, madatsa suke gani, ba hayaƙin Ingila ba. Amma mai kula da madatsa ba ya buɗe ƙofa sai ruwa ya fi ƙarfinsa, watau dalilan biyu tare suke aiki.

Su kuma masu gaskatawa iri biyu ne. Akwai wanda ya gaskata domin ya gani: manomin da shukarsa ta ƙone sau biyu kafin damina ta zauna, ko ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna masu nazarin alƙaluman ruwan sama. Akwai kuma jami'in da ke saurin gaskatawa domin ya sami inda zai rataya laifinsa. Ranar 29 ga Mayu 2025 ambaliya ta share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa, garin da motocin kaya ke ratsawa daga Arewa zuwa Kudu, fiye da mutum 150 suka rasu. Ruwan ya yi yawa ƙwarai, amma ba canjin yanayi ne ya hana gina isassun magudanai ba, ba shi ne kuma ya ba da filaye a kan hanyar ruwa ba.

Ke nan sau da yawa mutum ba hujja yake aunawa ba, yana duban wane ne ya faɗa, kuma me maganar za ta jawo wa aljihunsa. Mai hankali zai riƙe tambayoyi biyu: me ma'auni ya nuna, kuma wa ya bar aikinsa? Wanda ke aiko da kuɗin gini daga Kudu ya bincika ko filin na kan hanyar ruwa. Wanda ke aiko da kuɗin iri ya sa a saurari hasashen damina na hukumar NiMet kafin a yi shuka. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya jiƙan waɗanda suka rasu, amin.