Katin rigakafin jariri ma takardar tafiya ce



Kafin a shiga lissafin kuɗin ƙungiya, ina da roƙo ɗaya. Duk mun san zawo da amai mai kama jarirai. Ƙwayar cutar da ake kira rota ce kan gaba wajen kawo mai tsananinsa. Cikin kwana ɗaya ko biyu ruwan jikin yaro sai ya ƙare, idanu su faɗa, ya kasa shan nono.

Rigakafinta ɗigo ne a baki, ba allura ba. Nijar ta fara bayarwa a 2014, Nijeriya a 2022. Ana farawa yaro na da sati shida, a maimaita bayan sati huɗu. A Nijeriya sau uku ne.

Mu tafiya ce ke cutarmu. Uwa ta karɓi ɗigon farko a Jibiya, ranar na biyu tana Maraɗi, shi ke nan an bari. Don Allah a riƙa tafiya da katin yaro, a nuna a asibitin garin da aka sauka. In zawo ya zo duk da haka, a ci gaba da ba da nono da ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti.

Allah ya raya mana zuri'a.