Ƙurar da ke tsakanin taurari: yaya ake auna ta?



A hunturun bara na kwana a Kademi. Bayan isha'i na fita bayan gari ina hangen kudu, don in ga wani ɗan farin tabo da ke bayyana ƙasa-ƙasa a sararin sama wajen Disamba da Janairu. Ana kiransa Babban Gajimaren Magellan, amma fa ba gajimare ba ne. Ƙaramin garken taurari ne da ke maƙwabtaka da namu garken, kuma haskensa na ɗaukar shekara kusan 160,000 kafin ya iso mu. Ban ga komai ba. Hazo ya rufe ko'ina, ƙurar nan da iska ke kwasowa tun daga Bodele a Chadi.

To ku ji abin mamaki: masana taurari ma da ƙura suke fama, sai dai tasu tana can tsakanin taurarin. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, kamar na hayaƙi, wasu dangin yashi, wasu dangin gawayi.

Ka tuna fitilar babur a hanyar Gaya ranar da hazo ya yi kauri. Ka gan ta dishi-dishi, ka ɗauka mai babur yana nesa, ashe ya kusa take ka. Irin kuskuren da masana suka riƙa yi ke nan wajen lissafin nisan taurari, har 1930 da Robert Trumpler ya nuna cewa ƙura ce ke rage haskensu.

Yaya ake auna abin da hannu bai kai gare shi ba? Da launi. Ƙura ta fi tare shuɗin haske a kan ja. Masana sun san launin da kowane irin tauraro ya kamata ya nuna, saboda haka in ya fito da ja fiye da kima, bambancin ne ke faɗin yawan ƙurar da hasken ya ratsa. Akwai kuma ɗumin ita kanta ƙurar. Sanyinta ya kai wajen digiri 250 ƙasa da sifiri, amma duk da haka tana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Na'urar hangen nesa ta Herschel, wadda Turai ta harba a 2009, shi ta riƙa kamawa har 2013.

A garkenmu, ƙura kusan kashi 1 ce cikin 100 na nauyin iskar da ke tsakanin taurari. A ƙananan garkuna ba ta kai haka ba, domin taurari kaɗan ne suka rayu suka mutu suka bar sinadaran da ke yin ta. A ganina nan daɗin abin yake: sun yi kama da garkunan farkon halitta, waɗanda suka yi mana nisa sosai.

A wannan Gajimaren ne wani tauraro ya fashe a 1987. A 2011 Herschel ta gano ya bar ƙura mai nauyin kusan rabin Rana.

Mutanen Kademi da Ajingi, in kun samu daren da hazo ya lafa, ku duba kudu, ku gaya mana abin da kuka gani. Sai mun sake haɗuwa.