Horar da Iyaye Shi Ne Mafita: Neman Tallafi ga Yara Masu Larurar Otizim a Arewacin Nijeriya

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye ga abin da ya kawo ni.

Ba zan tsaya bayanin larurar otizim ba, wadda kafafen labarai ke kira galahanga, domin duk wanda ke zauren nan ya san ta. Tambayata guda ce. Uwar da ke zaune a Gwarzo ko Birnin Kudu ko Illela, ta lura ɗanta ya shekara biyu ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya haɗa ido da ita, 'yan kalmomin da ya fara ma sun ɓace, ina za ta dosa? Amsata ita ce ba a tanadar mata ko'ina ba, kuma ƙwararrun da muke ta jira ba za su iso garinsu ba kafin ɗanta ya girma. Abin da ya rage shi ne a horar da ita kanta, ta hannun ma'aikatan lafiya na matakin farko da muke da su a ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da wannan larura. A Amurka, inda ake bin diddigin yara 'yan shekara takwas, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta samu 1 cikin 150 a shekarar 2000, sai 1 cikin 36 a 2020, sai 1 cikin 31 a 2022, kuma babban ɓangaren wannan hauhawa ya fito ne daga faɗaɗa ma'aunin tantancewa da ƙaruwar gano yaran. Mu ɗauki ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kawai. 'Yan ƙasa da shekara 18 a Nijeriya sun haura miliyan 100, ke nan muna maganar yara wajen miliyan ɗaya, kuma Arewa ce ta fi yawan haihuwa. Wannan lissafina ne bisa ƙiyasin duniya, amma ya isa ya hana kowane kwamishina cewa matsalar ta 'ya'yan masu kuɗin Abuja ce.

Binciken da aka yi a cikin gida ya fi nuna mana jinkiri. Lagunju da abokan aikinta sun wallafa a 2014 cewa a asibitin koyarwa na Ibadan, daga cikin sababbin yara 2,320 da aka gani a sashen ƙwaƙwalwa cikin shekara shida, 54 suna da otizim, wato kashi 2.3 cikin ɗari. Iyayen sun fara damuwa tun yaran suna wajen wata 22, amma ba a tabbatar da larurar ba sai wajen wata 45. Bello-Mojeed da abokan aikinta, a asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke Legas, sun samu a 2017 cewa yara suna kai kimanin shekara tara kafin a gano abin da ke damunsu. Wannan fa Ibadan da Legas ke nan, inda likitoci suka fi yawa a ƙasar nan.

Mu da muke ganin iyayen nan a asibiti mun san inda shekarun suke tafiya. Da farko dangi za su ce nauyin baki ne, haka ubansa ya yi, zai yi magana. Idan ya shekara uku shiru, sai a ce kurma ne, alhali yana jin ƙarar buɗe ledar biskit daga wani ɗaki. Daga nan sai maganar iska ko sammu, a shiga rubutu da hayaƙi da ruƙiyya, a sayar da akuya, wani lokaci har gona. Idan yaron yana yawan kuka da buga kai, sai a je kemis a karɓo maganin barci. A gidan da ake da kishiya, zargi yakan faɗa kanta, zumunci ya lalace a banza. Sau da yawa kuma uwar ce ake ɗora wa laifi, a ce ta yi wanka da dare lokacin da take da ciki, ko ta kasa tarbiyya, kuma aure yana mutuwa a kan haka. Ga shi kuwa binciken da aka wallafa a 2019 a kan yara fiye da miliyan biyu daga ƙasashe biyar ya nuna kimanin kashi 80 cikin ɗari na sanadin larurar daga gado ne, ta ɓangaren uba da na uwa. Ba na raina addu'a, kuma ban taɓa hana iyaye ita ba. Damuwata ita ce malamin da aka kai wa yaron bai san inda zai tura su ba bayan addu'ar, domin babu wanda ya taɓa zama da shi ya gaya masa. Ƙarshen hanyar shi ya fi muni: ɗauri da igiya a ɗaki, ko gidan mari. Rahoton Human Rights Watch na Nuwamba 2019, wanda ya fito bayan samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, ya nuna yadda ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa ya zama ruwan dare a ƙasar nan.

To me ake da shi a ƙasa? Akwai sashen ƙwaƙwalwar yara ko na taɓin hankali a asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da Shika, da Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, da kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau. Nan ne ya kamata a tura iyaye don tantancewa, da gwajin ji, da kula da farfaɗiya wadda takan zo tare da otizim. Sai dai ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa mambobinta da ke aiki a gida ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware a kan yara ƙalilan ne a cikinsu. Masu koyar da magana sun fi haka ƙaranci. Cibiyoyi masu zaman kansu sun taru a Legas da Abuja, irin su cibiyar Patrick da aka buɗe a Legas a 2006, kuma bankin GTBank yana shirya taron otizim na shekara-shekara, inda ake duba yara kyauta. Aiki ne mai kyau, amma da Turanci ake yin sa, a nesa, kuma kuɗin mota kaɗai ya fi ƙarfin manomin Kazaure.

Doka kuwa ba ta yi ƙaranci ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010. Tana cikin Majalisar Lafiya ta Duniya lokacin da ta zartar da ƙuduri kan otizim a Mayun 2014. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce kowace makarantar gwamnati ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su, ta kuma ce mai larurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. Wa'adin shekara biyar na shiri da dokar ta bayar ya cika a Janairun 2024. Kano da Jigawa da Kaduna da Filato suna da nasu dokokin na jiha. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa masu nakasa cikin waɗanda asusun marasa galihu zai ɗauki nauyinsu. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC tana ware kashi 2 cikin ɗari na asusunta don ilimin yara masu buƙata ta musamman. Ina roƙon jami'an gwamnati da ke zaune a gabana su gaya wa zauren nan makarantun firamare nawa ne a jihohinsu suke da wannan ma'aikaci guda ɗaya. Duk ranar 2 ga Afrilu, tun 2008, ana yin tattaki da riguna da jawabai. Washegari uwar nan tana gida da ɗanta, babu abin da ya canza mata.

Yanzu ga hujjata. Babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Magunguna irin su risperidone suna rage fusata ne da cutar da kai, a hannun likita. Abin da ke taimakon yaro shi ne koya masa sadarwa da kula da kai tun yana ƙarami, kullum, a cikin harkokin gida. Wa ke tare da shi kullum? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An gwada wannan. A Ingila, Jonathan Green da abokan aikinsa sun yi gwajin PACT a kan yara 152 'yan shekara biyu zuwa huɗu, inda aka koya wa iyaye yadda za su lura da ƙananan alamun da yaro ke bayarwa su amsa masa. Sakamakon farko a 2010 bai nuna babban sauyi a tsananin larurar ba, sai dai mu'amalar iyaye da yaran ta gyaru ƙwarai. Da aka sake bibiyar yaran bayan kimanin shekara shida, rahoton 2016 ya nuna tsananin alamun ya ragu a waɗanda aka horar da iyayensu. Wani zai ce ai Ingila ce. To, Atif Rahman da abokan aikinsa sun ɗauki tsarin suka kai Goa a Indiya da Rawalpindi a Pakistan, suka gwada shi a kan yara 65, kuma waɗanda suka horar da iyayen ma'aikata ne da ba ƙwararru ba. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna iyaye sun ƙara iya bin hankalin yaran, yaran kuma sun ƙara fara sadarwa da kansu. Rawalpindi garin Musulmi ne mai manyan gidaje da ƙarancin likitoci, kamar namu.

A kan irin wannan hujja Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina shirinta na horar da masu renon yara, wanda ta fitar ga kowa a 2022 bayan an gwada shi a ƙasashe fiye da 30. Tsarinsa mai sauƙi ne: zama tara na rukuni da ziyarar gida uku, ga iyayen yara 'yan shekara biyu zuwa tara. Ana koyar da yadda za a shiga wasa da yaro, da yadda za a mai da wanka da cin abinci da sa riga su zama darasi, da yadda za a gane abin da ke jawo kuka da buga kai, da yadda uwa za ta kula da lafiyar kanta. Ba a buƙatar takardar likita kafin a shiga, wanda hakan ke nufin yaro mai jinkirin magana ko shanyewar gaɓoɓi ma zai amfana. Littattafan kyauta ne. An daidaita shirin da yanayin Butajira a karkarar Habasha da Kilifi a gaɓar tekun Kenya. Wace hujja ke gare mu ta cewa ba zai yiwu a Bichi ba?

Ma'aikatan ma muna da su. Yaƙi da shan inna ya bar mana dubban mata 'yan sa-kai masu shiga gida-gida, waɗanda suka san kowace mai jego a unguwarsu, da masu unguwanni da dagatai da suka saba kai rahoto. Da su aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020. Akwai shirin CHIPS na ma'aikatan lafiya na cikin al'umma da aka ƙaddamar a 2018, akwai ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da rassanta tun 1985, akwai makarantun Islamiyya na matan aure da za su iya ba da ɗakin zama. Kayan tantancewa ma akwai. M-CHAT-R tambayoyi 20 ne ga yara 'yan wata 16 zuwa 30, ba ya cin minti goma, kuma ba a biyan ko kwabo. Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa na Inugu da abokan aikinsa sun samar da na Nijeriya. Makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara ya isa wurin farawa.

Gargaɗi ɗaya dole in yi, tunda na ambaci rigakafi. Mu da muka ga yadda aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003 mun san tsadar jita-jita. Allurar ƙyanda ta biyu ana yin ta a wata 15, daidai lokacin da alamun otizim suke fara fitowa fili, don haka haɗa su ba zai yi wa mutane wuya ba. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta haddasa wannan zargi, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, an kuma soke lasisinsa na likita. Binciken Denmak na 2019 a kan yara 657,461 bai sami wata alaƙa tsakanin allurar da otizim ba. Duk ma'aikaciyar da za a horar, a fara da sa mata wannan amsa a baki.

Maganar makaranta zan bar ta ga masu ilimi, sai dai in ce makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano an gina su ne musamman don kurame da makafi, kuma yaron da ke toshe kunne saboda hayaniya ba zai zauna a aji mai ɗalibai ɗari ba. Sassan ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna yaye ɗalibai duk shekara. A ɗauke su aiki.

Ga masu girma kwamishinonin lafiya da shugabannin hukumomin lafiya na matakin farko, buƙatata ba ta kai kuɗin gina asibiti ɗaya ba. A fassara shirin Hukumar Lafiya ta Duniya zuwa Hausa da Fulfulde da Kanuri, a zauna da iyaye mata da maza da malaman addini a daidaita shi, a kuma naɗi darussan a murya saboda waɗanda ba sa karatun boko. A sa wa aikin layinsa a kasafin kuɗi, kada a bar shi a hannun ƙungiyoyin agaji da za su tafi bayan shekara biyu. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A zaɓi ƙananan hukumomi uku a fara da su cikin kasafin baɗi, a horar da ma'aikata biyu a kowace mazaɓa, asibitin koyarwa ya sa musu ido, sannan a dawo zauren nan a gaya mana iyaye nawa aka horar.